Jak Huɗu a Tsakar Gida Ɗaya: Yadda Wani Malami a Birnin Kebbi Ya Samu Abin Ɗaga Motarsa

Asalin lamarin: Yuni 2023

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin sakandare ne a Birnin Kebbi, mazaunin unguwar Badariya. Motarsa Toyota Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Da ita yake zuwa aiki, da ita yake kai iyali Jega wajen iyayensa a ƙarshen mako. Har tsakiyar 2023 bai taɓa kwance noti ɗaya a jikinta ba, komai ƙanƙantar matsala gareji yake kai ta.

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kayan gyara da kuɗin aikin kanikawa suka bi sahu, albashi kuwa yana nan inda yake. Sai malamin ya ware ayyuka uku da yake ganin zai iya yi da hannunsa: juyen baƙin mai da canjin filta, canjin fad ɗin birki, da sauya wa tayoyi wuri don su ci daidai. Dukkansu sai an ɗaga mota, ɗaya daga ciki ma sai mutum ya kwanta ƙarƙashinta.

Ga yadda abubuwa suke a lokacin. Nauyin irin wannan Corolla ba kaya ba fasinja yana wajen kilo 1,150. Da yake inji da giya duk a gaba suke, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin a kan tayoyin gaba yake, wato wajen kilo 700. Tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 15 ko kusa da haka ba. Tsakar gidan kuma ba daɓe: jan ƙasa ce da yashi a samanta, mai tauri da rani, mai laushi da damina.

Gwaji na farko: jak ɗin da ya zo da mota, Yuli 2023

Ya fara da abin da ke cikin but, wato jak mai almakashi da ake murzawa da hannu. Kamfani ya yi shi ne don abu ɗaya: canjin taya a bakin hanya, kusurwa ɗaya, cikin 'yan mintoci. Gindinsa bai fi tafin hannu ba.

Ya gwada sauya wa tayoyi wuri da shi washegarin wani ruwan sama. Gindin jak ɗin ya nutse ta gefe guda, ya karkace, har ya lanƙwasa bakin ƙarfen da ke bin ƙasan ƙofa, inda kamfani ya yi 'yan tsaga biyu don nuna wurin sa jak. Ya sauke motar, ya sa guntun katako a ƙasa, ya kammala da ƙyar. Aikin da mai faci ke gamawa kafin a sha ruwa ya ci masa rabin yini. Maganar shiga ƙarƙashi don juye kuwa bai ma soma ba, saboda da ya taɓa motar da hannu ya ga tana rawa.

Gwaji na biyu: jak na tsaye, Satumba 2023

Wani maƙwabcinsa direban babbar mota ya ara masa jak na tsaye mai aiki da mai, tan 5. Ƙarfi kam ba a magana. Amma ko a sauke yake tsawonsa ya kai wajen santimita 20, bai shiga ƙarƙashin Corolla ba. Sai da ya hau da tayar kan falanki biyu kafin ya samu ya cusa shi, kan jak ɗin kuma ɗan ƙarami ne, ya lotsa ƙasan bodin. Ya mayar wa mai shi a ranar.

Gwaji na uku: ƙaramin jak mai taya, Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024

A watan Nuwamba ya sayi jak na kwance mai tayoyi huɗu, irin wanda ke zuwa cikin akwatin roba, a wani shagon kayan mota. An rubuta tan 2 a jikin kwalin da manyan baƙaƙe. Lissafinsa a lokacin mai sauƙi ne: mota kilo 1,150, jak kilo 2,000, akwai rara. Nauyin jak ɗin kansa wajen kilo 9 ne, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya. Yana farawa daga wajen santimita 13 ya tsaya a wajen 34.

Makonnin farko ya ji daɗinsa. Taya tana barin ƙasa cikin minti ɗaya. Amma da ya zo juye sai ya tarar santimita 34 ba ta isa mutum ya shiga da sifana da robar tarar mai ba. Dalili kuwa, idan aka ɗaga mota, kafin taya ta bar ƙasa sai sifirin da shokozoba sun gama miƙewa, wannan kaɗai yana cinye kusan rabin tafiyar jak ɗin. Ya riƙa ɗora guntun katako a kan jak ɗin don ƙara tsawo, yana tokare motar da bulo mai inci 9, kamar yadda yake gani a wasu garejojin bakin titi.

A watan Janairu 2024, tsakiyar hunturu, jak ɗin ya fara sauka da kansa. A zaure yake ajiye shi a buɗe, ƙura ta lulluɓe sandar da ke fitowa daga cikin silinda. Ya auna da rula: santimita 2 cikin minti 10. Ya mayar da shi shagon, yaron shago ya buɗe ya ce mai ne ya yi ƙasa, ya ɗura masa man birki. Kwana biyu ya yi kamar ya warke. Cikin mako biyu saukar ta koma santimita 5 a minti 10, mai kuma ya fara tsattsafowa ta bakin silindar.

Ranar da motar ta faɗo: Fabrairu 2024

Wata Asabar yana canjin fad ɗin birkin gaba na hagu. Ya ja hambirki, ya sa giya a P, wato giyar fakin, bai tokare tayoyin baya da komai ba. Ya ɗaga motar, ya cire taya, ya jingina bulo ɗaya a ƙarƙashin bodin. Babban ɗansa, ɗan shekara goma sha biyar, ya tura tayar da aka cire ƙarƙashin ƙofa a kwance, ba don komai ba sai don ta tare masa hanya.

Wani noti ya ƙi kwantuwa. Malamin ya sa bututu a sifana ya danna da ƙarfi. A lokacin jak ɗin ya riga ya ɗan sauka, nauyi ya koma kan bulon. Motar ta gusa, kan jak ɗin ya zame daga inda yake, bulon ya dare gida uku. Motar ta sauka a kan tayar da yaron ya tura, faifan birki ya caki ƙasa. Hannun malamin na cikin ramin tayar, amma ya tsira da ƙujewa a gwiwar hannu. Abin da ya lalace: garkuwar bayan faifan birki ta lanƙwashe, ƙasan ƙofa ya ƙara lotsewa. Sai da aka kira bakanike da nasa jak kafin aka tashe ta.

Da aka duba wurin, an ga tayoyin gaban jak ɗin sun nutse cikin yashi har rabi, ba su gusa ko kaɗan daga inda aka fara ajiye su ba.

Binciken dalili: Maris 2024

Bakaniken da ya zo dattijo ne da ya daɗe yana aikin ƙananan motoci. Ya tafi da jak ɗin, ya warware shi a gaban malamin. Da ya zaro robar da ke kan fistin sai ga ta ta kumbura, ta yi laushi, yatsa na shiga cikinta.

“Malam, mi ka zuba mai?”

“Ba ni ba ne, Baba. Yaron shago ne ya sa man birki.”

“To shi ya ida kashe shi. Amma tun kafin nan ƙura ta ci shi, duba nan.”

Ya nuna masa zane-zanen da yashi ya yi a jikin sandar. Bayanin da ya biyo baya ya kasu kamar haka, kuma kowane kashi ya taɓa wani ɓangare na abin da ya faru.

Yadda jak mai mai ke aiki: hannun da ake bugawa yana tura ɗan ƙaramin fistin, shi kuma ya tura mai zuwa babbar silinda ta wata ƙofa da ƙwallon ƙarfe ke toshewa, ƙwallon da bai fi ƙwayar wake ba. Idan mota ta tashi, abin da ke riƙe da ita shi ne man nan, abin da ke riƙe da man kuma shi ne ƙwallon da zoben roba. Tsakuwa ɗaya a mazaunin ƙwallon ko tsaga ɗaya a robar ta isa mai ya fara komawa baya. Man birki kuwa ba danginsu ɗaya da man jak ba. Yana jan ruwa daga iska, yana kumbura robar da aka yi don man haidurolik. Baƙin mai na inji shi ma bai dace ba, ya yi kauri.

Sai maganar ƙasa, wadda malamin bai taɓa kawowa a ransa ba. Hannun jak na kwance ba miƙe yake tashi ba, zagaye yake yi. Yayin da yake tashi, kansa yana dawowa baya wajen mai bugawa. Tunda mota ba za ta biyo shi ba, dole jikin jak ɗin ya gangara gaba, ya ƙara shiga ƙarƙashin motar. Amfanin tayoyinsa ke nan, ba don sauƙin ja kawai aka sa su ba. Idan suka maƙale a yashi, abu biyu ne: ko jak ya jawo motar, ko kansa ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan daga wurin da aka ɗora shi. A tsakar gidan malamin na biyun ne ya faru, guntun katakon da ya ɗora a kai ya ƙara sauƙaƙa zamewar. Haka abin yake in jak na sauka, sai dai ta ɗaya gefen: yana son komawa baya, yashi ya hana shi.

Bulo kuma rami ne a cikinsa, an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya bazu a kansa cikin gini. Idan bakin ƙarfe ya danne shi a wuri ɗaya, ba ya lanƙwasa balle ya yi gargaɗi, darewa yake yi.

Na ƙarshe, giyar P a irin wannan mota tayoyin gaba take kullewa, hambirki kuma na baya. Duk gefen da aka ɗaga, kullensa ya tashi daga aiki, shi ya sa ake tokare tayoyin da suka rage a ƙasa gaba da baya.

Dattijon ya rufe da cewa: “Jak shina ɗagawa, ba shi riƙewa. Wanda ka riƙewa daban na.” Yana nufin matokarin ƙarfe mai ƙafafu, wanda kanikawa ke kira sitan.

Shiri kafin saye: Maris zuwa Afrilu 2024

Wannan karon malamin bai fara da kasuwa ba. Ya ɗauki tef ya auna motar. Daga ƙasa zuwa ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, inda littafin motar ya nuna a sa babban jak, da kuma tsawon da yake bukata don ya kwanta ya juya hannu. Abin da ya fito: jak ɗin da zai saya kada ya wuce santimita 13 a sauke, kada ya gaza 45 a tashe, kuma ya zama yana da tsawon jikin da zai kai tsakiyar motar ba tare da bamba ta tare hannun bugawa ba.

Sannan ƙasa. A farkon 2024 siminti ya yi tashin gwauron zabi, don haka bai iya daɓe tsakar gidan duka ba. Ya sa magini ya zuba masa kankare mita 3 da mita 3, kaurin santimita 10, a kan ƙasar da aka daddaɓe, aka daidaita shi da ma'aunin ruwa. Wannan ya isa gaban mota ko bayanta, in ya gama da gefe ɗaya sai ya juya ta. An yi aikin cikin azumi, a zafin Maris na Kebbi da ke haura digiri 40, saboda haka aka riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, aka rufe shi da tsofaffin buhuna. Bai hau da mota ba sai da ya cika kwana 28.

Sayen na huɗu: bayan ƙaramar Sallah, Afrilu 2024

Ya je kasuwa tare da dattijon. Sun duba guda uku, dukkansu an rubuta tan 3.

Na farko sabo ne a kwali, mai araha, amma da aka ɗaga shi bai fi wanda ya mutu nauyi da wani abin kirki ba. Ƙarfen gefensa siriri ne, waldar ɗige-ɗige ce da ramuka, babu farantin bayani a jikinsa sai sitika. Dattijon ya ajiye shi, ya ce araha ba ta ado.

Na biyu na gwanjo ne, tsohon jak ɗin gareji mai nauyi, ƙarfensa ba a magana. Suka sa shi a ƙarƙashin Corolla ɗin, ya ɗaga ta, suka yi alama da alli a jikin bango suka jira minti 10. Ya sauka santimita 1. Mai shagon ya ce roba ce kawai, a canja ta. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma babu wanda ya iya nuna robar da ta yi daidai da shi a ranar, sai suka wuce.

Na uku sabo ne, nauyinsa ya haura kilo 30, sai mutum biyu suka sauko da shi. Yana farawa daga wajen santimita 13 ya kai kusan 47. Faɗinsa ya ninka na ƙaramin, tayoyinsa na ƙarfe ne, waldar ta tafi a jere ba yankewa. Akwai farantin da ke ɗauke da sunan kamfani, nauyin da yake ɗauka, da lambar EN 1494, wato ƙa'idar Turai ta irin waɗannan jak. Takwararta a Amurka ita ce ASME PASE. Kowa na iya buga lamba a faranti, shi ya sa ba su tsaya nan ba. Sun maimaita gwajin alli, minti 10, bai motsa ba. Sun gwada saukewa: da aka murza hannun kaɗan motar ta sauko a hankali, aka tsayar da ita a tsakiya ta tsaya. Sun goga farin ƙyalle a bakin silinda, ya fito a bushe. Sun kuma tabbatar akwai bawul ɗin da ke hana shi ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa, wanda aka rufe da hula aka rubuta kada a taɓa. Kuɗinsa ya kusa ninka na ƙaramin jak sau huɗu. Mai shagon ya so a yi gwajin a gida, dattijon ya ce a'a, a gabansa za a yi.

Suka ƙara da sitan guda biyu, tan 3, masu tashi daga wajen santimita 28 zuwa 42. Adadin da ake rubutawa a kan sitan galibi na biyun ne a haɗe, ba na kowanne ba. Sun zaɓi mai haƙora wanda kuma ke da ƙusar kulle da ake sokawa ta gefe. Akwai dalili: a 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye sitan wajen miliyan 1.7 daga hannun jama'a saboda harshen da ke kama haƙoran yana iya kuɓucewa a ƙarƙashin nauyi. Ƙusar ita ce tsaro na biyu. Wani mai walda ya yi tayin ƙera masa da bututu a rabin kuɗi, malamin ya ƙi, saboda babu wanda ya gwada nauyin da zai ɗauka. Matokaran taya kuwa kafinta ya yanka masa da katako mai tauri.

Bayan saye: Mayu 2024 zuwa ƙarshen 2025

Tsarin aikinsa ya koma haka: mota a kan daɓe, tayoyin da ke ƙasa a tokare, a sassauta notin taya tun tana ƙasa, a ɗaga, a sa sitan a wuraren da ke da tsaga, a sauke motar a kansu, a girgiza ta da hannu biyu, sannan a fara aiki. Jak ɗin yana nan yana taɓa motar ba tare da nauyi a kansa ba, tayar da aka cire kuma ana tura ta ƙarƙashin ƙofa, wannan karon da gangan.

Matsala ɗaya aka samu. A watan Agusta 2024 ƙanensa ya ari jak ɗin ya kai Jega a kwance ta gefe cikin but. Da ya dawo sai hannun ya yi laushi, ana bugawa ba ya tashi sosai. Iska ce ta shiga. Aka buɗe bawul ɗin saukewa, aka buga hannun sau da yawa ba nauyi, aka sassauta toshiyar mai iskar ta fita, aka cike da man haidurolik mai lamba 32. Ya dawo daidai. Tun daga nan a sauke yake ajiye shi don sandar ta koma ciki, a rufe da buhu, a ɗaki, yana kuma maimaita gwajin alli farkon hunturu da farkon damina. Har ƙarshen 2025 bai nuna sauka ba.

Hukunci

Adadin tan, wanda shi ne abin da malamin ya fara dubawa, bai taka rawa a ko ɗaya daga cikin gazawar uku ba. Jak mai almakashi ƙasa ce ta kayar da shi, na tsaye tsawonsa ne bai dace ba, ƙaramin mai taya kuma kilo 700 kawai aka nema ya ɗaga cikin 2,000 da aka rubuta masa. Ko na huɗun ba don yana tan 3 ya yi aiki ba. A kasuwa, sai an kai wannan ajin ake samun faɗin gindi, tsawon tashi da kaurin ƙarfen da aikin ke nema.

Idan aka jera abubuwan da suka kawo sauyi bisa nauyinsu, sitan ne a gaba, daɓe na biye, jak ɗin kansa na uku. Da a ce ranar Asabar ɗin nan akwai sitan biyu a kan kankare, ko da jak mai yoyo motar ba za ta faɗo ba. Da kuma an kawo jak mai kilo 30 an ajiye shi a kan yashi an tokare da bulo, da wuya sakamakon ya bambanta da na Fabrairu. Laifin yaron shago gaskiya ne, amma saurin mutuwar jak ɗin kawai ya ƙara, ba shi ya sa mota a kan bulo ba.

Ta fuskar kuɗi lamarin bai yi daɗi yadda aka zata ba. Jak biyu, sitan, kankare da gyaran ɓarnar Fabrairu sun cinye abin da zai biya bakanike na tsawon lokaci, kuma wanda juye kawai yake yi sau biyu ko uku a shekara zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba. Ga malamin abin ya fara biya ne saboda motar ƙanensa da ta wani abokin aikinsa su ma a kan daɓen ake yi musu aiki yanzu.

Akwai kuma abin da sabon jak ɗin bai magance ba. Ba ya bin mota, ya yi nauyi kuma ya cika but. A hanyar Jega, in taya ta yi faci, jak mai almakashi ne dai zai fito, a kan kafaɗar titi mai yashi. Abin da malamin ya ƙara a but ɗin shi ne falanki mai kauri, santimita 30 kowane gefe, da matokaran taya biyu.